Mararrabar Bahon Baba

Duk Bodinga an yarda cewa fariya ce ta sa Baba ya kafa bahon Turawa a bayan ɗakinsa. Wai ya daɗe yana gyara wa Nasara famfo har ya fara jin shi ma Nasara ne. Ƙarya ne, kuma masu faɗin haka ba wanda ya taɓa tambayarsa. An kuma ce Goggo ce ta lalata bahon. Wannan rabin gaskiya ne, sauran rabin yana wuyana.

Baba ma'aikacin En'e ne, mai gyaran famfo a gidajen bariki. Da aka jefar da wani tsohon baho mai tsatsa a gindi, ya roƙa aka ba shi, ya ɗora a mota har gida. Ya kafa duro a kan ginshiƙai huɗu, ya ja bututu, ya sa shawa mai huje-huje kamar matankaɗi. A tsakiya akwai wani mabuɗin tagulla da yake kira mararraba: ka juya hannunsa hagu ruwa ya zuba cikin baho, ka juya dama ya sauko ta sama, ka tsayar da shi tsakiya ya ɗauke.

Ina ƙarama na tambaye shi dalili. Ni ce ɗiyarsa ta fari, sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake kirana. Ya ce, “Uwata, kakanki ya shekara shida kwance, wasu na yi mashi wanka. Kullum in anka fito da shi idonai rufe. Ni ba ni son a gan ni hakanan.” Ashe tun lokacin yana jin hannunsa na dama na mutuwa yana farkawa.

Ina makarantar 'yan mata a Sakkwato ɓarin jikinsa ya shanye. Inna ta riga ta rasu, sai Goggo, ƙanwarsa, ta dawo gidan. Ƙanwa ba ta yi wa wa wanka, ɗiya balle. Amma bai buƙaci kowa ba. Mai ruwa ya cika duro da safe, Baba ya ja ƙafa da sanda, ya zauna kan kujerar tsugunno cikin bahon, ya juya mararraba da hannun hagu. Abin da ya rage masa a duniya ke nan da yake yi shi kaɗai.

Goggo mace ce da ba ta iya ganin ƙarfe ya dushe. Tasoshinta har ido suke kashewa. Wata rana ta ga tagullar ta yi kore, ta kwance notin da ke ƙasa, ta zaro abin da ke ciki, ta kai bakin rijiya ta dirje shi da yashi da toka kamar gindin tukunya. Ya yi ƙyalli kuwa. Da ta mayar, ruwa ya fara zuba ta sama da ta ƙasa lokaci guda, ko an tsayar da hannun a tsakiya. Kafin Baba ya ja ƙafa daga ɗaki zuwa bayi, duro ya ƙare.

Kwana tara ke nan bai yi wanka ba ranar da na dawo hutu. Na ji tun daga ƙofar ɗaki. Shi ma ya san na ji.

Na tarar da Baffa, wansa, ya zo daga Shagari yana zaune a zaure. Manomi ne mai shanu da 'ya'ya maza manya. Ya ce ran Laraba zai zo da jaki ya tafi da ƙanensa, can akwai maza da za su kula da shi.

Na ce, “Baffa, a yi mani haƙuri zuwa Laraba. Ni zan gyara.”

Ya dube ni sama da ƙasa. “Ke? Boko har da ƙira anka koya maku?”

“Ba a koya ba. Mai shi yana nan da rai.”

“To, ɗiyag ga, Allah shi ba da sa'a. Ni dai jakina na nan tahe.”

Aka shimfiɗa wa Baba tabarma a inuwa kusa da bayin, na ɗauko akwatin kayan aikinsa. Maganarsa ta karkace, sai na sa kunne sosai. Ya sa na kwance notin na zaro abin. Tsawonsa kamar babban yatsa, sama da kauri ƙasa da tsini, da rami a gefe. Ya ce wannan ƙarfen da gidan da yake shiga kamar turmi da taɓarya ne da aka sassaƙa tare, ko gashi bai kamata ya shiga tsakaninsu ba. Ya shafa shi da yatsan hagu, ya ji zanen yashin, ya rufe ido.

Goggo na tsaye tana murɗa bakin zane. “Yaya, wallahi don shi yi kyau na yi.”

Ya ce, “Ya yi kyau.” Har da ɗan murmushi a rabin bakin da ke motsi. Ta shiga ɗaki ta yi ta kuka, ni kuwa ban ba ta haƙuri ba, haushinta nake ji.

Gyaran ba wuya, cin rai ne kawai. A tankaɗe toka da ƙyalle har ta yi laushi kamar kwalli, a kwaɓa da man gyaɗa, a shafa, a mayar da abin cikin gidansa, a yi ta juyawa. Rabi hagu, rabi dama, a ɗaga, a sake. Ba dannawa. Ya ce tagullar da kanta za ta cinye zanen.

Na ce, “Har yaushe?”

“Har shi daina magana.”

Gaskiya ne, yana wani ƙara ƙasa-ƙasa kamar ana taune tsakuwa. Na juya ranar Lahadi tun hantsi har la'asar. Na juya Litinin. Yatsuna suka yi kanta, kafaɗata ta riƙe. Baba yana kwance yana saurare, in na yi sauri ya buga sanda a ƙasa. Ni ban taɓa iya jira ba. A makaranta ma ɗinkina ne kullum ake farkewa.

Talata da hantsi na wanke, na haɗa, mai ruwa ya zuba garwa biyu. Zubar ta ragu ƙwarai. Ta sama ta ɗauke gaba ɗaya, ta ƙasa kuwa ɗigo ne, ɗaya bayan ɗaya. Da na bar shi haka, wallahi da ya yi wankansa ranar. Duro ba zai ƙare da wannan ɗigon ba ko a yini.

Ya ce, “Saura kaɗan, Uwata. Kwance ki ƙara.”

Na dubi rana, na tuna jakin Baffa, na dubi ɗigon. Na ce a raina noti ne bai ɗauru ba. Na ɗauki sifana, ƙarfen ɗaure noti, na ɗaure, ɗigon ya ragu. Na ƙara. Baba ya buga sanda, na ji, na yi kamar ban ji ba, na sa ƙarfina duka.

Ƙarar ba ta da yawa. Kamar an taka busasshen kara. Gidan tagullar ya tsage daga ƙasa har wuya, ruwa ya feso mini a fuska, ya yi ta zuba har garwa biyun suka ƙare a ƙasa, ina tsugune da sifana a hannu.

Shekarunsa nawa yana wannan aiki, ya san ƙarar. Bai tambaye ni ba. Da na fito jiƙe, ya ce, “Kin ji ciwo?” Na ce a'a. Ya ce, “To madalla.” Ya juya fuska bango. Da zagina ya yi da na fi jin sauƙi.

Baffa ya zo Laraba. Bai yi mini gori ba, ya dubi taɓon da ke bakin bayi kawai ya ce a fito da kayan ƙanensa. A unguwa aka ce Goggo ta kashe bahon da yashi, ita kuma ta ɗauki laifin, ni ma na bar ta ta ɗauka.

Na bi su Shagari a ƙasa, ina riƙe da ƙafarsa mai ciwo kada ta zame daga jaki. Gonakin albasa duk an yi ban ruwa, ko'ina ruwa na gudu a kwalbatai, ni dai ban ɗaga kai ba.

Mutanen kirki ne, kada a ce na ce wani abu. Muna isa matar Baffa ta ɗora ruwa. 'Ya'yansa biyu, magidanta, suka ɗauki Baba cak suka kai bayan zana. Ina tsakar gida ina jin komai. Suna yi masa wasa don ya saki jiki.

“Baba ƙarami, yau ga Bature a hannun talakawa!”

“Ɗaga mashi hannu, kai. A hankali, ba buhun gero ba ne.”

Suka yi dariya. Muryarsa ce kaɗai ban ji ba. Da suka fito da shi cikin wankakkiyar riga, yana ƙamshin sabulu, idonsa a rufe. Aka kwantar da shi, aka kawo fura, bai buɗe ba. Na durƙusa na ce, “Baba, ni ce.” Ya lalubo hannuna, ya shafa kantar da ke yatsuna, ya saki.

Washegari na koma Bodinga ni kaɗai. Na sami Goggo tana wanke tasoshin da ba wanda ya ci abinci a ciki. Na ce mata, “Goggo, taki ɓarnar ta gyaru. Ni na fasa shi.” Ta ce ta sani, tana bayan ɗaki ta ji ƙarar ita ma.

Na ɗauki sifana na kwance mararrabar gaba ɗaya daga bututun, a hankali wannan karon, na ƙulle ta a bakin ɗankwali. Akwai maƙeran tagulla a Sakkwato, Baba ya sha ambatarsu. Na yanke shawara motar farko zan bi in kai musu su like tsagar, ko su zuba wata. In na dawo zan zauna da toka da mai in yi ta juyawa har ta daina magana, ko hutu ya ƙare ko bai ƙare ba. Makaranta ta jira. Sai ruwa ya tsaya cak a tsakiya zan je Shagari in ce wa Baffa ya ara mini jakinsa.