Mutuwar Banza, In Ji Shi

Yayana soja ne. A shekarun da aka fara Shari'a a jiharmu aka tura su wata ƙasa rabon faɗa, bai dawo ba. Ko gawarsa ba mu gani ba. Sojoji ne suka zo Daura da jakarsa da takalmansa, suka ce can aka binne shi.

Babanmu baduku ne, a zaure yake aiki, rediyonsa rataye a ƙusa. Tsohon nan bai zubar da hawaye ba. Duk wanda ya durƙusa ya ce masa ya haƙuri, amsarsa ɗaya ce: "Shahada ya yi, wajen kare bayin Allah." Da wannan maganar yake iya cin abinci. Ni na san ranar da aka ƙwace masa ita, ya faɗi ke nan.

Wata rana da azahar, masu gaisuwa sun ragu, ya miƙa hannu ya kunna rediyo ko zai ji labarin sauran sojojin. Sai ga muryar da muka sani, ana hira da shi daga Turai. Ɗan unguwarmu ne, gidansu na bayan masallaci. Ƙasar nan ce ta biya masa karatu, ta ba shi kujera, ya sha romonta. Sai da aka sauke shi sannan ya gano wai ta ruɓe. Ya ce Najeriya ba ƙasa ba ce, duk wanda ya sa kaki ya mutu dominta, mutuwar banza ya yi. Har da 'yar dariyarsa!

Baba ya kashe rediyon, ya ɗauki fata ya ci gaba da yanka.

Kada a ce ina wanke ƙasar nan. Ni ma ina tsine wa masu ɗauke mana wuta, famfon unguwarmu kuwa ko ɗigo. Amma mu a cikinta muke zaginta, a cikinta za a binne mu. Shi fa? Ya ci ya ƙoshi, ya haye jirgi, sannan ya juyo ya tofa wa matattunmu yawu.

Ranar sadakar arba'in sai ga mutumin nan a ƙofar gidanmu, ashe ya dawo daga Turai, babbar riga na ƙamshi. Na yunƙura zan tashi, Baba ya damƙe mini hannu. A wurinmu ba a korar mai ta'aziyya, ko shi ya kashe maka. Kuma babban baƙo shi ake ba ya yi addu'a. Baba ya sauka daga buzunsa ya ba shi.

Mutumin ya ɗaga hannu, Larabci na zuba kamar famfo. Ya ce marigayi jarumi ne, ƙasa ba za ta manta da shi ba. Kai jama'a! Da bakin nan dai. Mu kuwa muka shafa, ni ma na ce amin, don babu yadda zan yi.

Ya juyo ya ce, "Baba, ya haƙuri?"

Na zuba wa Baba ido ina jiran amsar nan tasa.

"Da godiya," ya ce.

Daga ranar ban ƙara jin kalmar shahada a bakinsa ba. Abinci ma sai an yi da gaske.

Shi mutumin, ba a jima ba aka sake ba shi muƙami, muka ji shi yana cewa kowa ya so ƙasarsa. Har yau in na ji muryarsa sai na bar wurin. An ce in yafe, ban yafe ba.

Wata safiya liman ya leƙo zaure gaishe mu, ina gefe ina shafa wa fata mai. Baba ya ajiye wuƙa, ya sassauta murya don kada in ji.

"Malam, tsakaninka da Allah, yaron nan shahidi ne?"

Liman ya daɗe yana bayani. Baba dai takalman yayana yake kallo.