Ranar da Na Cire Takalmi a Gindin Iroko

Ni ban yi boko ba, allon ma ban kai sauka ba. Sana'ata babbake ganda a abatuwar Agege, tun gashin kaina yana baƙi. Daga safe har azahar hayaƙi nake sha. Kuma ni ne ladanin masallacin rumfarmu, don Allah ya ba ni murya. Ko lasifika ta lalace, ana jina har bakin titin jirgi. Abin da nake taƙama da shi ke nan a duniya, ba ni da wani.

Ɗaukar hoto da girmana na fara, da waya mai tsagaggen gilashi. Ba mutane nake ɗauka ba, na gaji da fuskar mutane. Ruwan da ya kwanta tsakanin ƙarafan jirgi bayan an ɗauke, hasken la'asar kan kwanon gidaje mai tsatsa, ciyawar da ke fasa kwalta ta fito farkon damina, irin waɗannan. Matata ta ce wayar ta cika da lambatu da tsuntsaye, babu 'ya'yana a ciki. Ban musa ba.

Can bayan unguwa akwai wata tsohuwar bishiya cikin shinge, Yarabawa suna ce mata iroko. Ita kaɗai ta rage a wajenmu, sauran an sare an yi shaguna. Ita ma abin da ya cece ta, wurin bautarsu ne. An ɗaura mata farin ƙyalle a gindi, ga kasko da manja a gefe. Wata tsohuwa ke kula da wurin, Iya nake ce mata. In damina ta kankama, balbelun da ke bin shanun abatuwa a kanta suke sauka da yamma, sai ta yi fari fat. Daga titi ba ta ɗaukuwa, wayoyin wuta sun gitta ta ko'ina. Sai na roƙi Iya da Yarabanci ta bar ni in shiga.

Ta ce ba a shiga da takalmi. Na cire. Wurinsu ne, ƙa'idarsu ce, ni ko zauren maƙwabcina ba na takawa da takalmi. Na durƙusa na gaishe ta, don sa'ar uwata ce. Kuma ban tashi ba, saboda daga ƙasa ne bishiyar ke shiga waya gaba ɗayanta. Na ɗaga wayar sama da hannu biyu. A haka wani mahauci, abokin aikina, ya wuto kan okada ya gan ni: ƙafa ba takalmi, gwiwa a ƙasa, hannu sama, gaban farin ƙyalle.

Washegari ban gama hura wuta ba aka fara tsokanata.

"Ladan, an ce ka sauya alƙibla."

"Kaza ka kai mata ko manja?" in ji wani daga bayan rumfa.

Na ce, "Ku tambayi wanda ya gan ni, shi me ya kai shi layin masu sayar da giyar ogogoro?"

Aka yi dariya, amma da na kira azahar sahu bai cika ba. Wasu a rumfarsu suka shimfiɗa buhu suka yi tasu.

Liman ya tsayar da ni bayan an sallame. Dattijo ne mai sanyi, bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Ya ce, "Ladan, ni na san ka. Amma mutane ba sa amsa kiran wanda suke zargi. Ka goge hotunan a gaban jama'a, ka ce ka tuba, magana ta mutu."

Na ce, "Allah gafarta Malam, in tuba daga me?"

Na miƙa masa wayar. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Tsuntsayen sun yi kyau," ya ce. "Amma ga ƙyallen nan a ƙasa."

"Ba ni na ɗaura shi ba. Can na tarar da shi."

"To ka goge mana. Me zai rage ka?"

Na ce masa gogewa ba wuya, aikin yatsa ɗaya ne. Tuban ne ba zan yi ba. Ranar da na tsaya na ce na tuba, na amsa da bakina cewa na yi wa bishiya sujada, kuma 'ya'yana ne za su yi ta yawo da wannan suna a Agege bayan na mutu. Goshina bai taɓa ƙasa a wurin nan ba, Allah ya gani.

Ya ce to in haka ne, sai in huta da kiran salla har ƙura ta lafa. Na san irin wannan hutun, ba a dawowa daga shi. Na zaro makullin akwatin lasifika daga aljihu na ajiye kan buzunsa. Abin ya yi mini ciwo, har yau yana yi.

La'asar ɗin ranar wani ne ya kira. Na yi alwala na shiga sahun farko, na tsaya daidai gefen mahaucin nan, na haɗa ƙafata da tasa yadda ake yi. Ya janye. Na bi shi na sake haɗawa. Bango ne a ɗaya gefensa, ba inda zai matsa. Haka muka yi raka'a huɗu.