Ranar da Dzarma Ya Sace Iskar Tayoyi

Dzarma mutumin Biu ne, ya sauko Maiduguri tun yana saurayi a farkon shekarun saba'in. Ya yi yaron mota, ya ja tifa, daga baya ya samu tuƙin motar marasa lafiya a wani ɗan asibiti da ke Bolori. Duk wanda ya san shi, da taya ya san shi. Da safe kafin ya gaida kowa sai ya zagaye doguwar Fijon asibitin, ya durƙusa ya danna gejin auna iska a bakin kowace taya. Yakan ce zafin Maiduguri ba ya wasa da roba: iska ta yi yawa taya ta fashe, ta yi kaɗan ta cinye kanta. Abin da ya riƙe a aikinsa ɗaya ne, in an kira, mota ta tashi.

Ana nan, shekarun da fetur ya yi wuya, aka kawo sabon akawu, Mista Manasse, aka ba shi kula da motar. Mutum fes, farar riga, turare har bakin titi. Amma hali, Allah ya sawwaƙe! Matarsa na sayar da bandar kifi, sai ya ga ai ga mota da man asibiti a banza. Duk Asabar sai ya tura Dzarma Baga, a cire gadon marasa lafiya, a danƙara kwalayen kifi har rufi.

Tir! Maiƙo ya bi ƙasan motar ya zauna. Tsutsotsi su faɗo daga kwali su shige ƙarƙashin kujera. Dzarma ya wanke da omo, ya turara, ya bar ƙofofi a buɗe, a banza. Ranar Litinin a kwantar da mai ciwo a wurin, ƙudaje na bin sa, 'yan uwansa na toshe hanci da gyale. Tayoyin baya kuwa har sun fara kumburi a gefe saboda nauyi.

"Oga, nan fa mutane ake kwantarwa," Dzarma ya ce wa Manasse wata rana.

"Busasshen kifi ya taɓa cizon wani? In ka gaji, ajiye makulli."

Ina zai ajiye, ga yara a makaranta? Ya haɗiye, amma abin na ci masa rai. Har abincin gidansa ya daina ci in matarsa Naomi ta sa banda a miya.

Wata Asabar da sassafe ya zo ya tarar da ƙudaje sun yi baƙi a gilashi. Ransa ya ɓaci matuƙa. Ya zaro tsinken ashana, ya durƙusa, ya danna bawul ɗin taya. Yana ji iskar na fita, ya bi tayoyin duka har motar ta zauna a ƙasa. Wallahi daɗi ya ji. Da Manasse ya iso ya yi ta zage-zage, ya ce aikin 'yan unguwa ne, ya fice neman mai faci. Dzarma ya zauna a benci yana dariya a ciki.

Bai gama dariyar ba Rhoda, nas ɗin da ke aiki ranar, ta fito da gudu, hannunta duk jini.

"Baba Dzarma, tayar da mota! Matar da ta haihu ɗazu jini ya ƙi tsayawa, sai babban asibiti!"

Ta kalli tayoyin, ta kalle shi. Aka ruga titi neman tasi, babu, duk suna can layin mai. Dzarma ya jawo famfon ƙafa daga but ya hau bugawa. Tsohon famfo, robarsa na zubar da iska. Mijin matar, wani tela daga Dala mai suna Ajimi, ya durƙusa ya matse bakin robar da hannu. Dzarma na bugawa, gumi na shiga masa ido. Taya ta tashi, a koma wata. Rana ta ɗago sosai kafin motar ta miƙe.

Ya yi gudun da bai taɓa yi ba. A bakin ƙofar babban asibiti Rhoda ta ce masa ya rage, ba sauran sauri, matar ta cika. Kellu sunan matar.

Washegari bayan coci ya je Dala gaisuwa. Ya so ya tsuguna daga nesa ya tafi, amma Ajimi ya hango shi, ya taso ya kama hannunsa ya kai shi tsakiyar tabarma.

"Jama'a, ga direban. Wasu marasa tsoron Allah suka sace masa iska, bawan Allahn nan ya yi ta buga famfo har rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ku sa masa albarka."

Dattawa suka ɗaga hannu. Aka yi wa Dzarma addu'a, aka kuma roƙi Allah ya tona asirin wanda ya taɓa tayoyin. Kowa ya shafa ya ce amin. Ajimi na riƙe da hannunsa, yana kallonsa, yana jira. Dzarma ya buɗe baki da ƙyar ya ce amin.