Dattijon da Ke Koya wa Kwamfuta Dama

A wani shagon ɗab'i a unguwar Balad, can ƙasar Larabawa, nake kallonsa, dattijo mai tabarau ɗaure da zare. Kwamfuta ta zana masa ginshiƙan sakamakon jarrabawar wata makaranta, suna hawa daga hagu zuwa dama. To, mai makarantar Balarabe ne, daga dama yake karatu, sai ya ga ɗalibansa kullum baya suke ci. Shi ne dattijon yake jan ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya yana sauya musu wuri, harshe a gefen baki. Hannun nan, ina jin, da buroshin fenti ya saba.

"Yalla, maza, 'yar nan," yake lallashin kwamfutar. "Wanda ya rene ki bai koya miki farawa da dama ba. Ba laifinki ba ne."