Layi Biyu a Shafi na Takwas

Cikin duk shekarun da na yi ina koyarwa a Madina, akwai wata ranar Talata da ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Lokacin ina koyar da dabarun bincike a wata jami'a. A ajin akwai Musulmi uku 'yan China, masu ladabi, amma ba sa cewa uffan. Kullum ina son sanin abin da ke cikin kansu. Sai na raba wa ɗalibai wata maƙala, na cire sunan marubucin, na ce kowa ya yi mata suka ta ilimi. Tawa ce, ban dai gaya wa kowa ba.

'Yan uwana 'yan Najeriya da 'yan Sudan suka yi mata kaca-kaca a aji, har da inda ba ta yi laifi ba, ni kuwa ina ta jin daɗi. Babban cikin 'yan Chinan ya kawo shafi takwas. Na karanta biyar, duk bayanin manufar marubucin ne. Na gaji, na ba shi makin da zai iya raba shi da tallafin karatunsa.

Ranar Talatar nan, bayan Azahar, ya same ni a ofis, ya tura ƙofa ya rufe. Da Larabci muke magana.

"Duktur, ka kai shafin ƙarshe?"

Na ce ban kai ba. Ya buɗe mini. Layi biyu ne kacal, sun nuna cewa jadawali na uku ya saɓa wa sakamakon binciken gaba ɗaya. Na ɗauko maƙalar na duba. Gaskiyarsa ce, kuma babu wanda ya taɓa lura, har ni.

Na ce, "To me ya kawo shafi bakwai kafin wannan?"

Ya ce, "A wurinmu ba ka suka sai ka nuna ka fahimci mutum kamar yadda ya fahimci kansa. In ba haka ba, hayaniya ce."

"Me ya hana ka faɗa a aji?"

Ya sunkuyar da kai. "Na gane salonka ne, Duktur. Ba a gyara wa malami a gaban jama'a."

Na gyara makinsa nan take, maƙalar kuwa ta ci mini wata guda ina gyara. Tun daga ranar na daina auna tunanin ɗalibi da ƙarfin muryarsa, kuma ba na sa maki sai na kai shafin ƙarshe.