Cokali Ɗaya na Man Shanu

Jiya maƙwabciyarmu a Shahuci ta soya man shanu da albasa, ƙamshin ya tuno mini da kakata.

Shekarar da soja suka miƙa mulki likita ya hana ta maiƙo, wai kitse ya taru a jininta. Ni na ɓoye kwalbar man.

Ta dubi tuwonta ta ce, "Maigidana, da man nan uwata ta tsufa, har ta ga tattaɓa-kunne. Cokali ɗaya."

Na ce, "Hajiya, likita ya hana."

Ta ture kwanon. Ta yi ta ramewa, muna cewa sauƙi ne. Kafin azumi muka kai ta makwancinta, kwalbar na nan cike.

Allah ya ba ta abin da na hana ta.