Kan Bidiyo a Aljihun Isyaku

Daga Allah muke, Isyaku, kai kuwa ka riga mu komawa gare Shi. Ranar Lahadi, tara ga Nuwamba, 1986, bayan la'asar, wata motar auduga ta tsaya a bakin rumfarmu ta gyara a Funtua, aka sauko min da kai naɗe a tabarma. Bakina ba zai iya cewa ka rasu ba. Kashe ka aka yi, da itace da duwatsu, a wata kasuwar ƙauye bayan Malumfashi, hanyar Kafur. Sannan aka liƙa maka sunan ɓarawo, har mahaifiyarka Iya Silifat ta daina fita shagon atamfarta saboda nuni da baki. Wannan sunan ya sa ni, Lawal mai gyaran rediyo, abokin bencinka, na ɗauki alƙalami.

Da bidiyo ya shigo ƙasar nan duk tsoronsa muka ji, kai ka fara kwance shi. Ba ka ɗaukar sukundireba sai ka yi wa mai kaya tambayoyi kamar alƙali: ina ake ajiye shi, wa ke taɓa shi, da wace wuta yake aiki. Sannan ka kara kunne. In yana tauna kaset, ka ce roba ce ta saki. In hoto ya koma farin yayyafi, ka ce kan bidiyon ne, ƙarfen nan mai sheƙi da ke juyawa yana karanta kaset, ko ƙurar auduga ta toshe shi ko ya cinye. Wani manomi daga garin Ƙarfi ya taɓa kawo nasa yana ɗigar man gyaɗa, wai ya ji yana ƙara ne ya ɗura masa. Ni na yi dariya har da hawaye. Kai ka ce, "Baba, ai ka kyauta masa, sai dai shi ba ya cin mai." Ka zauna ka wanke shi tas.

Kuma duk abin da ka cire, ko ƙusa ce, sai ka danƙa wa mai shi hannu da hannu. Ka ce mutane sun riga sun ɗauki mai gyara maciyin amana, kada a ba su abin faɗa.

A ranar da abin ya faru, da hantsi, Rabe ya zo a kan babur, mutumin nan mai yawo kasuwa-kasuwa da bidiyo da janareta yana nuna wa manoma fim a cikin zana. Ya ce hoto ya ɓace, ga kasuwa ta cika. Ka ɗauki sabon kai ka hau bayansa, ko kokonka ba ka ƙarasa ba.

Sauran labarin daga bakin Gwaggo Inno na ji shi, tsohuwa Bamagujiya mai sayar da daddawa a gefen zanar. Ka canja kan, hoto ya fito garau. Rabe yana bakin ƙofa yana shigar da mutane, sai ka sa tsohon kan a aljihu kana jira ya sarara ka ba shi a hannu. Ana tsakiyar faɗa a fim komai ya ɗauke. Samari suka taso wa Rabe, suka ci kwalarsa. Shi kuwa matsoracin, don ya tsira da fatarsa, ya nuna ka ya ce, "Mai gyara ne, ya cire min kaya!"

Suka laluba aljihunka, ga ƙarfe yana sheƙi. Shi ke nan. Wani ya kwaɗa maka ƙotar fartanya a ƙeya. Ka faɗi, ka miƙe kana cewa a buɗe bidiyon a gani, aka sake kai ka ƙasa. Suka ja ka waje ta ƙafa, suka zare itacen rumfuna. Waɗanda ko ƙofar zanar ba su leƙa ba suka bar awon dawa suka zo da duwatsu. A ranar aka tuna uwarka Bayarabiya ce, kai da aka yanke wa cibiya a Funtua. Gwaggo Inno ta faɗa kanka tana cewa, "Ku kashe ni tare da shi, 'ya'yan banza!" Suka karya mata hannu, suka wurgar da ita. Kasuwa cike da masu sallah, tsohuwar da muke kira arniya ce kaɗai ta ji tsoron Allah.

Ni na yi maka wanka. Yatsun nan da ke kama ƙusar da ido ke wahalar gani, babu ko ɗaya da ba a karya ba, domin da su ka kare fuskarka.

Da hukuma ta kawo min bidiyon in duba, na kwance shi a gaban shaidu. Sabon kai na nan daram inda ka ɗaura shi. Na jona wuta, fim ya ci gaba daga inda ya tsaya. Aka duba janaretan Rabe, wanda ya ajiye can bayan rumbuna saboda ƙara. Fetur ne ya ƙare.

Kai Rabe, an ce kana kuka a tsare. Yi ta yi. Ni dai ban yafe ba, kuma duk wanda ya ɗaga dutse a ranar, ko tsakuwa ce, na bar shi da Wanda ba a ɓoye wa aljihu.

Allah Ya jiƙan ka, Isyaku, Ya sa wannan azaba ta zama ƙarshen wahalarka, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya ba matarka Rakiya da 'ya'yanka haƙurin abin da ba ya haƙurtuwa, Ya warkar da hannun Gwaggo Inno. Ke kuma Iya Silifat, Allah Ya sanyaya zuciyarki. Kin ce ba addu'ata kaɗai kike so ba, in faɗa wa Funtua da Malumfashi abin da na gani da idona. To, na faɗa, Iya. Ɗanki ba ɓarawo ba ne. Gobe ki buɗe shagonki.